Daga kwalta zuwa gonar gero: yadda muka yi tseren keke na kaka a Birnin Kebbi

Shekara shida ke nan ina hawan keken tsere a kan kwalta. Ranar Asabar da Lahadi bayan sallar asuba mukan haɗu, mu bakwai zuwa goma, mu kama hanyar Kalgo mu wuce Jega, ko mu nufi wajen Ambursa, ranar da ƙarfi ya zo kuwa mu kai har Argungu, wadda ta haura kilomita 50, mu sha fura mu juyo kafin rana ta take. Abin da ke damuna kowace shekara shi ne ƙarshen damina. Ruwa ya hana fita makonni, bakin kwalta ya zaizaye, zazzaɓi ya kwantar da rabinmu, sai kaka ta shigo manyan motocin hatsi da shinkafa su cika hanya, mai keke ya zama abin turewa gefe. Kafin Disamba ƙafa ta mutu, numfashi ya gajarta. Bara na ce zan sauka daga kwalta na wata biyu in gwada irin abin da masu tseren Turai ke yi in lokacin tseren titi ya ƙare. Na yi, kuma har mun shirya ɗan tsere a tsakaninmu, amma na bi matakan a juye, na yi asarar kusan mako biyar da kuɗin da bai kamata su fita ba. Shi ya sa nake rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

Wasan da nake magana a kai Turawa na kiransa saikulokuros, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa tseren ƙetare, don ƙetare gona da taɓo da rairayi da shinge ake yi. Asalinsa ma masu tseren kwalta ne suka ƙirƙiro shi a Faransa a farkon ƙarnin da ya wuce, don kada jikinsu ya yi sanyi a lokacin kaka da hunturu. Faransa ta yi gasarta ta ƙasa ta farko a 1902, gasar duniya ta farko kuma an yi ta a Paris a 1950, Jean Robic ya ci. Yau gidansa Beljiyam ne da Holan, inda ake yin sa daga wajen Satumba zuwa Fabrairu. Ba tafiya mai nisa ake yi ba. Da'ira ce ta kilomita 2.5 zuwa 3.5, a yi ta zagaya ta wajen awa ɗaya ga manyan maza, kuma a cikinta akwai wuraren da dole ka sauka ka saɓa keken a kafaɗa ka ruga da ƙafa. Na fara ganinsa ne a waya, wani zagaye da aka yi a tudun rairayin Koksijde a gaɓar tekun Beljiyam, Mathieu van der Poel da Wout van Aert suna keta yashi kamar a kan kwalta. Su biyun nan duka zakarun tseren titi ne, kuma daga wannan wasan suka taso. Da na ga yashin sai na ce ai wannan jigawar bayan garinmu ce. Abin da ya ba ni sha'awa kuma, ƙasar da muke kiran kayan gwanjo da sunanta, a ce mota 'yar Beljiyam, keke ɗan Beljiyam, ita ce cibiyar wasan a yau.

Kuskurena na farko shi ne na fara da taya. A makon ƙarshe na Satumba na karanta cewa hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade faɗin tayar wannan wasa kada ya wuce milimita 33, sai na kira wani mai sayar da kayan keke a Kano na ce ya nemo mini mai 33 mai ƙurajen roba guda biyu. Ya ce akwai na gwanjo masu kyau, naira 18,000 kowace ɗaya, da tiyub biyu a kan 7,000. Na tura kuɗi, ya ba direba a tasha, na biya 3,000 kuɗin saƙo. An ce kwana biyu, sai da na yi kwana shida ina zarya tasha, don motar farko ta lalace a hanya an juye kayan a wata. Ranar da suka iso ban ko koma gida ba, kai tsaye na wuce wajen wani dattijo mai gyaran keke da na daɗe ina kai masa aiki, a gindin dalbejiya kusa da kasuwa. Ya warware tayar, ya dubi kekena, bai ko ɗauki sifana ba. Ya sa babban yatsansa tsakanin tayata ta milimita 25 da bakin birki, yatsan bai shiga ba. Ya ce, "Ɗana, wanga keke na kwalta na. Ko ka kawo taya ta zinari ba ta shiga nan." Na nace, ya ɗaura ta gaba don in gani da idona. Ta shiga rim ɗin lafiya lau, amma da aka ba ta iska sai ta manne da ƙarfen birki, ko juyawa ba ta yi. Irin birkin keken titi na da, mai kama rim daga sama, da ƙyar yake karɓar abin da ya wuce milimita 28, balle a bar wa laka wurin wucewa. Da na kai masa keken tun farko, da minti ɗaya ya ishe shi ya gaya mini haka.

Shi ya ba ni shawarar in bar keken kwaltana ya huta, in nemi tsohon keken gwanjo mai ƙafa irin girman nawa amma mai faɗin gindi, irin wanda Turawa ke zuwa aiki da shi, mai birkin da ke kama rim daga gefe biyu. Muka yi kwana tara muna nema. A Birnin Kebbi ba mu samu daidai tsawona ba, sai wani abokin hawanmu ya gano ɗaya a Sakkwato, aka yi ciniki a kan 95,000 bayan an fara daga 120,000. Dattijon ya cire madgad da kariya, ya sauya wayar birki da robobinsa, ya wanke boris ya sa sabon giris, ya ɗaura tayoyin nan da suka yi kwanaki a jingine. Aikin da kayan suka ci 11,500. Ya kuma yi mini wani abu da ban roƙa ba: ya yanka tsohon tiyub ya shimfiɗa shi a cikin taya tsakaninta da sabon tiyub. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kai dai tafi, tsidau za ya gaya maka." Feda kuma na cire irin wadda takalmi ke maƙalewa a ciki, don takalmin tseren titi ƙasansa roba ce mai santsi da ƙullutu, ba a gudu da shi a ƙasa. Na sa feda shimfiɗaɗɗiya mai haƙora, na koma kambas.

Kafin in fara wahalar da jiki na je asibiti, kuma wannan ne mataki ɗaya da na yi a kan lokacinsa. Shekaruna sun haura 40, kuma tseren ƙetare ba kamar doguwar tafiyar kwalta ba ne da mutum ke samun wurin lafawa a bayan 'yan'uwa. Daga tashi har ƙarewa zuciya a sama take. Na isa ƙarfe bakwai da rabi, na yanki kati 1,000, na zauna a benci har sha ɗaya saura kafin a kira ni, don ƙarshen damina ne, layin cike yake da mata riƙe da yara masu zazzaɓi. Zaman nan ya sa na ji nauyi a raina, ni da na zo da ƙafata lafiya. Likitar ta auna jinina, ta saurari ƙirjina, ta tambaye ni ko na taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri in ina hawa, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi a danginmu. Ta tura ni gwajin zazzaɓin cizon sauro da na yawan jini, 3,500 duka biyun, sakamako ya fito bayan azahar. Da na gaya mata a gona zan riƙa hawa, sai ta tambayi yaushe rabona da allurar tetanus. Na kasa tunawa, aka yi mini nan take. Ta ce, "Malam, ka kula da maciji, lokacin girbi ne." Wuni guda ya tafi, amma na fito da natsuwa.

Daga nan na shiga abin da ya fi cin lokacina. Abokan hawa sun ce tunda dai za mu yi, mu sa rana mu yi tsere na sosai, ko da mu kaɗai ne. Ni a tunanina duk abin da aka kira tsere sai da takardar hukuma, don haka na rubuta wasiƙa, na buga ta a shagon kwamfuta, na kai wani ofishi da aka nuna mini. Zuwan farko mai karɓar wasiƙa ba ya nan. Zuwa na biyu aka karɓa, aka ce in kawo kwafi biyu, ɗaya a buga mata hatimi in riƙe, in haɗa da sunayen mahaya da hoton katin shaidata. Na kawo. Zuwa na uku aka ce tana kan teburin mai gida, ya yi tafiya. Sai a zuwa na huɗu, bayan kwana goma sha shida, na samu ganin wani jami'i mai kirki, ya karanta wasiƙar a gabana har ƙarshe, ya ɗago ya ce, "Malam, a ina za ku yi?" Na ce a wata gona a bayan gari. Ya ce gonar wa? Na yi shiru, don ban sani ba. Ya bayyana mini cewa tunda ba titin gwamnati za mu tare ba, ba filin wasa muke nema ba, ba kuɗin shiga za mu karɓa daga jama'a ba, kuma ba da sunan jiha za mu yi ba, babu abin da ofishinsu zai ba mu izini a kai. Izinin yana hannun mai ƙasa da mai gona. Abin da ya ce kada mu tsallake shi ne sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, saboda a halin da ake ciki taron mutane a bayan gari da sassafe yana iya tayar da hankalin jama'a. Na yi masa godiya, na fito jikina a sanyaye. Oktoba ta kusa ƙarewa, ina da keke da takarda mai hatimi, ba ni da ko taku ɗaya na ƙasar da zan hau.

Da farko fadama na sa a rai, don a can ne ake samun laka irin wadda nake gani a bidiyo. Na je na duba gefen gulbi sau biyu, na gane ba zai yiwu ba. Inda ruwa bai janye ba shinkafar damina ce tsaye, inda ya janye kuma an fara gyara don noman rani. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Birnin Kebbi a 2015, fadamar nan ba ta san hutu ba. Ban da haka lakar fadama in ta kama taya takan cushe tsakanin birki har ƙafa ta tsaya cik, in ta bushe kuma sawun shanu ya mai da ita kamar turmi-turmi. Turawan da ke tsere a laka suna da keke biyu ko uku da masu wanke musu a gefe, su sauya a kowane zagaye. Mu keke ɗaya ne kowa. Sai na juya tudu.

Wani abokinmu malamin makaranta ne a wani ƙauye da bai kai kilomita 10 daga gari ba, shi ya kai ni wajen hakimin. Muka tafi bayan la'asar da goro na 4,000, muka tuɓe takalma a ƙofar zaure, muka durƙusa muka yi gaisuwa. Na ce, "Ranka shi daɗe, mun zo neman alfarma ne," na kwashe bayani tun daga farko. Ya saurara, ya sa aka shigo da keken ya dudduba, ya tambaya ko caca ce, muka ce a'a, ko lada ba mu sa ba. Ya tambaya ko za a zo da kiɗa da 'yan mata, muka ce a'a. Sannan ya ce, "Malam, na ji, kuma ban ga aibu ba. Amma gona ba tawa ba ta, tana da mai ita." Ya haɗa mu da ɗan aike zuwa gidan wani dattijo da gonarsa ke bakin burtali, tana da kwazazzabo a gefe ɗaya da jigawa a ɗaya gefen.

A wajen wannan dattijo na koyi abin da ya kamata in fara sani tun Satumba. Ni ɗan birni, a ganina tunda an yanke gero gona ta zama fili. Ya kama hannuna ya shiga da ni ciki. Geron an girbe tun tuni, an kwantar da kara, amma a tsakanin kunyoyin wake ne ya yaɗu ko'ina, kwansonsa ya fara bushewa. Ya tsinko ɗaya ya murza a tafin hannu ya nuna mini. Ya ce sai an yi roron waken nan, an naɗe harawa an ɗora a kan itace, an kwashe karan da za a yi darni da shi, sannan ƙafar baƙo za ta shiga. Bayan haka kuma ya riga ya yi alkawari da wasu Fulani za su sauka da shanunsu su ci abin da ya rage su bar masa taki. Tsakanin kwashe harawa da saukar shanu, in ji shi, bai fi kwana goma sha biyu ba. Na ce, "Baba, a cikin kwanakin nan muke roƙo, safiya ɗaya." Ya ce ya ba mu, da sharaɗi uku: kada mu taɓa iyakar gona da maƙwabcinsa inda ya dasa gamba, kada mu bar leda ko ɗaya don dabba na ci ta mutu, kuma a bar yaran ƙauyen da ke da keke su shiga. Kuɗi ya ƙi karɓa. Daga baya muka haɗa masa buhun taki ɗaya a tsakaninmu, wannan ya karɓa. Aka tsayar da Asabar ta uku a Nuwamba. Washegari na kai wasiƙar sanarwa ofishin 'yan sanda da sunan ƙauyen da rana da lokaci da lambar wayata, ba a ɗauki minti talatin ba, ba a kuma karɓi ko sisi ba.

Mako uku suka rage mini na horo, maimakon bakwai da na tsara. Na yi su a burtalin da wani fili a bayan makarantar abokina. Abu na farko da na koya shi ne iska. Na saba cika tayar kwalta ta yi tauri kamar dutse, wajen 90 a ma'aunin famfo, sai na yi wa wannan ma kusan haka. Keken ya riƙa tsalle a kan burji, a yashi kuma ya nutse. Na rage zuwa 30, sai na daki wata saiwa, rim ya tsinke tiyub huji biyu a jere. A 40 na samu daidai da nauyina, gaba kuma ƙasa da haka kaɗan. Tsidau kuwa ya gaya mini kamar yadda dattijo ya faɗa: duk fita sai na zauna na cire ƙayoyinsa a taya da farce, amma saboda shimfiɗar nan ta ciki sau biyu kawai ya kai ga tiyub. Wadda ba ta da magani ita ce ƙayar aduwa, in ka ga itacen ka kauce wa gindinsa. Ƙarangiya ba ta fasa taya, safa take cikawa, har na daina sa mai gashi.

Sauka da hawa a guje su suka fi ba ni wuya, kuma su ne zuciyar wasan. Ta hagu ake sauka, don kaca da giya suna dama, kada su yanke ka ko su shafe ka da baƙin mai. Kana tafe za ka zaro ƙafar dama ta bayan sirdi, ka tsaya a kan fedar hagu, hannun dama ya saki kan keke ya kama sandar sama, sannan ka dira kana gudu ba tare da ka tsaya ba. In shinge ne ka ɗaga keken ka tsallake, in hawa ne mai tsawo ko yashi mai zurfi ka zura hannu ka saɓa shi a kafaɗar dama. Wajen komawa kuma ba a kan sirdi ake faɗawa da gindi ba, da cikin cinyar dama ake sauka a zame a zauna. Na yi wannan sau ashirin kowace safiya, da tafiya a hankali tukuna, kafin in ƙara sauri. Kafaɗata ta yi tabo baƙi a makon farko, sai na naɗa tsohon tiyub a sandar. A yashi kuma na gane cewa ƙanƙame kan keke shi ke kayar da mutum. Ka shigo da gudu, ka mai da nauyi baya, ka sassauta hannu, ka bi sawun da wani ya riga ya yanka, kada ka daina taka feda. Gudun ƙafa ma sai da na koma masa, minti goma sha biyar sau biyu a mako, don ƙafar mai keke ba ta saba da dukan ƙasa ba, kwana uku na farko da ƙyar nake durƙusawa a salla.

Ranar Juma'a da yamma muka je shata hanya. Mun auna da waya, da'irar ta ba da kilomita 1.8, ta gaza ta Turawa amma ita gonar ta ba mu. Ta tashi daga burtali, ta ratsa kunyoyi a karkace, ta gangara kwazazzabo ta hauro inda dole a saɓa keke, ta bi jigawa wajen taku tamanin, ta zagayo ta gindin wata goriba. Muka kafa karan dawa muka ɗaura tsummoki ja maimakon leda. A dokar UCI katakon shinge ba ya wuce santimita 40, mu kuwa buhunan ƙaiƙayin shinkafa muka jera layi biyu, don wanda ya yi tuntuɓe kada ya fasa ƙauri. Muka bi hanyar kaf da sanduna muna bugun ciyawa da tarin kara saboda kububuwa, muka tsince ƙaya da manjagara. Abin da muka kashe a ranar da washegari, ruwan leda, burodi, akwatin magani da auduga da aidin, da man babur ɗin da zai tsaya ko da wani ya ji ciwo, ya kama 26,000, muka raba mu tara.

Asabar ƙarfe bakwai muka tashi, mu goma sha huɗu, tara daga gari, biyar yaran ƙauyen. Mun sa minti 40. Hazo ya fara sauka, iska da ɗan sanyi, kuma kusan duk ƙauyen sun fito sun tsaya a bakin kwazazzabo, don sun gane nan ne abin kallo yake. Ɗalibai biyu muka ba littafi suna yi wa kowa zane in ya wuce. Na tashi da ƙarfi fiye da kima, irin tashin da ba na yi a kwalta, a zagaye na biyu na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina, ƙura ta cika maƙogwaro. A na uku na shiga jigawa a bayan wani, ya tsaya, ni ma na kife a gefe, ba ciwo sai yashi a baki da kaca. Na tashi na saɓa na ruga, kuma a nan na ga gudun ƙafa ya fi taka feda sauri in yashi ya yi zurfi, don na wuce mutum biyu da suka nace sai sun hau. Daga nan na samu numfashina, na riƙa jin muryar dattijon mai gona daga gindin goriba yana cewa, "Malam, taka! Taka!" Na ƙare na shida. Wanda ya ci yaro ne ɗan ƙauyen mai kimanin shekara 17, a kan keken gida mai giya ɗaya wanda yake kai wa mahaifinsa abinci gona da shi kullum. Bai san sunan wasan ba, amma ya san inda yashin burtalin nan ke da tauri a ƙasa, kuma ko sau ɗaya ban ga ya taɓa birki a kwana ba. Mutum ɗaya ya goge gwiwa, tayoyi uku suka yi faci, ba wanda aka kai asibiti.

Wanda zai yi irin wannan, ga yadda zan bi da zan sake. Ƙasa zan fara nema, tun watan Agusta ana cikin damina, in je wajen hakimi da mai gona in ji abin da aka shuka da lokacin da za a kwashe, don kalandar wake da harawa da shanu ita ke sa ranar tsere, ba tawa ba. Bayan haka in kai kekena wajen mai gyara kafin in sayi ko bawul, ya auna ya gaya mini abin da zai shiga. Dokar milimita 33 ta masu gasar hukuma ce, a yashinmu taya mai 38 ko 40 ta fi, kuma keken duwatsu ko na gida duk suna yi, kada rashin keke na musamman ya hana kowa. Asibiti a je da wuri, a ware masa wuni guda. Ofis kuwa, in ba titi za a tare ko filin gwamnati za a ara ba, sanarwa ga 'yan sanda ta wadatar, amma a riƙe kwafi mai hatimi a aljihu ranar tseren. Horon sauka da hawa yana son mako shida, ba uku ba. Kuma kada a yi nisa da gari, a tsaya inda mutane suka san fuskar wanda ya kawo ku. Duka abin da ya fita daga aljihuna ya tasam ma 170,000, fiye da rabi kuɗin keken ne, wanda har yanzu ina hawansa zuwa aiki.

Da na koma kwalta a Disamba na ga amfanin a wurin da ban zata ba. Numfashi ya ƙaru, gaskiya ne, kuma ina iya tashi da ƙarfi bayan kwana ba tare da na rabu da 'yan'uwa ba. Amma babban abin ya faru ne a hanyar Jega, wata tirela ta matso ni har na sauka gefen titi cikin yashi da gudu. A da nan take zan ƙanƙame birki in faɗi. Wannan karon jikina da kansa ya koma baya, hannuna ya saki, na ci gaba da takawa har na hau kwalta.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan tseren mun koma gonar da fartanya, muka tsince tsummoki da ledojin ruwa ɗaya bayan ɗaya, muka gyara bakin kwazazzabon inda ƙafafunmu suka zubar da ƙasa. Shanun sun riga sun iso, suna kwance a inda muka jera buhuna. Dattijon ya zagaya da mu har iyakar gamba, ya duba, ya ga ba a taɓa ba. Da za mu tafi ya ce in muna so baɗi, in zo masa kafin ruwan shuka, zai bar mana taku biyu a gefen gabas ba zai sa wake ba. Na rubuta a wayata: watan Mayu, in tafi da goro.